Sunan Delta ne a jikin jirgin, amma wa ke biyan matuƙin?

Wanda ya taɓa sauka a Atlanta ko Chicago, ya sake hawa ƙaramin jirgi zuwa wani gari na cikin Amurka, mai yiwuwa ne ba kamfanin da ya biya kuɗi ne ya ɗauke shi ba. Fentin jirgin na Delta ne ko United, tikitin ma haka, amma albashin matuƙa da ma'aikatan ciki daga wani kamfani daban yake fitowa, irin su SkyWest ko Republic. Ana rubuta hakan a tikiti, sai dai da ƙananan haruffan da ba kowa ke lura da su ba.

Ga yadda kwangilar take. Babban kamfani shi ke zaɓar hanyoyi, ya tsara lokutan tashi, ya yanke farashi, ya sayar da tikiti, kuma galibi shi ke ɗaukar nauyin mai. Ƙaramin kamfani kuwa ana biyansa gwargwadon sa'o'in da jiragensa suka yi aiki da yawan tashinsu, ko jirgin ya cika ko rabin kujerun babu kowa. Ko girman jirgin ba a hannunsa yake ba: yarjejeniyoyin ƙungiyoyin matuƙan manyan kamfanoni sun ƙayyade shi a kujeru 76, don kada a riƙa kwashe musu aiki ana bai wa masu araha.

To, wanda ba shi da iko da farashi, ko hanya, ko girman jirgi, da me zai kayar da abokin takararsa idan an zo neman kwangila? Abin da ya rage masa shi ne kiyaye lokaci da kuma rage albashi. A nan ne nake ganin kalmar "gasa" tana yaudarar mu. Masu sayen uku ne ko huɗu, masu sayarwa kuwa kusan hajarsu iri ɗaya ce. Kamfanin da ma'aikatansa suka daɗe har albashinsu ya hau, tsufansa kawai ya isa ya jawo masa rasa aiki.

Comair misali ne. Matuƙansa sun yi yajin aiki na kwana 89 a 2001, suka samu ƙari. A 2012 Delta, wanda shi ne mamallakinsa, ya rufe shi. A 2020 United ya yanke shawarar tattara aikin jiragensa ƙirar ERJ-145 masu kujeru 50 a hannun kamfani ɗaya. Ya zaɓi CommutAir, kuma a ƙarshen Satumba na shekarar ExpressJet ya ajiye jiragensa. Fasinja bai ga wani sauyi ba, domin fentin bai canja ba. (Duk wanda ya san halin ma'aikatan kwantiragi a bankunanmu ba zai ji baƙon labari ba.)

Ranar 12 ga Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air, da ke tashi da sunan Continental, ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu. Binciken da ya biyo baya ya bayyana wa Amurkawa cewa mataimakiyar matuƙin ba ta samun ko dala 20,000 a shekara, kuma daga Seattle, can ɗaya gefen ƙasar, take zuwa aiki. Majalisa ta yi doka a 2010, daga 2013 kuma aka wajabta wa mafi yawan sababbin mataimakan matuƙa sa'o'i 1,500 na tuƙi, maimakon 250 na da.

Masu kare tsarin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Arahar ƙananan kamfanoni ce ta sa garuruwan da ba za su iya cika babban jirgi ba suke samun jirgi kullum. Da matuƙa suka yi ƙaranci, Republic ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2016. A 2022 albashi ya yi tashin da ba a saba gani ba, kuma a shekarar American ya daina zuwa Toledo da Dubuque da Ithaca, yana mai kafa hujja da rashin matuƙa. Na yarda asara ce ga mutanen waɗannan garuruwa. Amma abin da hakan ya nuna mini shi ne, shekara da shekaru matasan matuƙa ne ke biyan tallafin waɗannan hanyoyi daga aljihunsu. Idan ƙasa tana son jirgi ya sauka a ƙaramin gari, tana da shirin tallafi tun 1978 da aka kafa don haka. Sai ta faɗaɗa shi a fili, kowa ya ga kuɗin.

Masu takarar ma suna ta raguwa. Compass da Trans States sun rufe a 2020, a Afrilun 2025 kuma Republic da Mesa suka sanar da haɗewarsu. Manyan kamfanonin ba su zauna haka kawai ba: Delta na da Endeavor, American na da Envoy da PSA da Piedmont, kuma da waɗannan 'ya'yan gida suke auna farashin duk wanda ya zo musu da tayi daga waje.