Zancen Wata: Depite, Kuɗinsa da Aikinsa



Wannan wata zancenmu na depite ne. An rushe Majalisar Dokoki a 2023, an rushe jam'iyyu a 2025. Amma ya kamata mu san yadda abin ya gudana.

Lokacin zaɓen Disamba 2020, ƴan takara sun cika Bobiel da sauran unguwannin Yamai da motoci da makaɗa. An raba zannuwa, an raba shayi da sukari. Ƙauye ma haka. To, kuɗin nan daga ina?

Wani kashi naku ne. Dokar jam'iyyu ta 2010 ta ce: cikin kowace jikka ta haraji da gwamnati ta tara, tamma 3 na jam'iyyu ne. Saura daga aljihun ɗan takara da ƴan kasuwan da ke bayansa. Ɗan kasuwa kuwa ba sadaka yake yi ba, kwangila yake jira.

Sai zancen aiki. A 2008 depitoci sun kaɗa ƙuri'a don ƙara wa kansu kuɗi. Jama'a suka fito zanga-zanga a Yamai. Kotun Tsarin Mulki ta ce dokar ba ta bisa ƙa'ida.

Ita kuwa dokar makiyaya, mai kare burtali da mashaya, ta yi shekaru ana shawara. Ba Majalisa ta fitar da ita ba. Sai ran 20 ga Mayu 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salu Jibo ta sa mata hannu.