Asibiti Na Kowa Ne, In Ana Jin Maganar Kowa

Hutun da ya wuce na yi shi a Agege, can Ikko, wajen kawuna mai fataucin goro. Wata maƙwabciyarmu, wadda aka kawo aure daga Arewa shekara biyu da suka wuce, ɗanta ya kamu da zazzaɓi, ta kai shi wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta yi mata bayanin magani da Turanci, ta sāke da Yarbanci, ba ta ji ba. Sai wani ya ce, "Matar aboki ce," aka yi dariya. Ta karɓi ƙwayoyi ta fito. Maganin na kwana uku ne, amma da jikin yaro ya yi sanyi ran farko sai ta daina ba shi. Ciwo ya komo, da ƙyar aka ceto shi. Yanzu ta ce ita da asibiti har abada, kemis ya ishe ta.

To jama'a, ba wanda ya kore ta, ba wanda ya hana ta magani. Amma ni na ce an hana ta, gama maganin da ba a san yadda za a sha shi ba daidai ya ke da babu.

Ikko ta daɗe da sanin bambanci wajen sha'anin lafiya. A zamanin Gwamna Lugga, a 1917, doka ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don kada sauro ya ɗauko musu zazzaɓi daga jikinmu. Asibitin Turawa dabam, na baƙar fata dabam. Da annoba wadda ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa garin a 1924, unguwannin talakawa aka bi da rusau. Sai a 1947, bayan wani otal ya hana wani babban ma'aikaci baƙar fata, Ivor Cummings, masauki, mutane suka tashi tsaye, Gwamna Richards ya soke bambancin launi a asibitoci da sauran wuraren jama'a. Waccan katanga ta faɗi. Wadda ta rage ita ce ta harshe da reni, mu kuwa muka gina ta tsakaninmu.

Hausawan Agege ba baƙin jiya ba ne. Goro da shanu da jirgin ƙasa suka kai kakanninsu. Suna biyan haraji kamar kowa. Idi-Araba ma, inda babban asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko ya ke tun 1962, cike ta ke da mutanenmu. Wani zai ce, ai sai su koyi harshen gari. Gaskiya ne, haifaffun wurin suna jin Yarbanci kamar Hausa. Amma ɗan ci-rani da ya sauka jiya fa? Da amarya, da tsohuwa da ta zo jego? Ciwo ba ya jiran mutum ya gama koyon harshe.

Kada kuma mai gari ya ce wannan ba ruwansa. A 2014, da cutar Ebola ta shigo Ikko, ma'aikata suka bi sawun mutum kusan 900 gida gida, ba su tambayi kabilar kowa ba. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba aka ce Nijeriya ta rabu da ita. Da an tsallake unguwa guda, da labarin ya sāke. Ƙyanda da ta kama yaro a Zango ba ta tsayawa a Zango. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma da namu laifin. Maigida ya hana matarsa zuwa awo, ko ya ɓoye yara ran allurar rigakafi, ko a ajiye majiyyaci sai rai ya kai ga halaka sa'an nan a ɗauko shi. Wannan ba aikin likita ba ne.

Shawarata biyu ce. Kowane asibiti da ke kusa da unguwar Hausawa ya ajiye tafinta, mace in da hali, daga cikin 'ya'yan unguwar. Na biyu kuwa namu ne, malaman gobe. Tafintan nan da ungozoma da malamar asibiti daga ajinmu za su fito. Mu dage yarinya ta ƙare makaranta. Mu koya wa yara karanta takardar magani, da cewa tambaya ba ƙauyanci ba ce. Mu sanar da iyayensu cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai ciwon gaggawa, ko wane ne shi. Mu kuma tuna, a Sabon Gari na Kano ko Zariya mu ne masu gari. Abin da ba mu so a yi wa 'yar'uwarmu a Agege, kada mu yi wa 'yar wani a nan.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.