SHARHI: An gyara gini, saura agogo: Minti nawa majinyaci ke jira a sashen gaggawa na asibitocin Gusau?

A watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya na Jihar Zamfara, bayan ziyarar da ya kai Babban Asibitin Gusau. A watan Yunin 2025 kuma tsohon Shugaban Ƙasa Olusegun Obasanjo ya zo Gusau ya buɗe Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura bayan an sabunta shi. Waɗannan ayyuka ne da ido ke gani, kuma duk wanda ya san yadda asibitocin jihar suka lalace ba zai raina su ba.

Sai dai akwai tambayar da fenti da sabon gado ba sa amsawa. Idan aka shigo da mutum jina-jina daga Tsafe, ko mace mai naƙuda tana zubar da jini daga wani ƙauyen Bungudu, minti nawa ake ɗauka kafin hannun likita ya taɓa su? A wurin bikin buɗe gini akan karanto kuɗin da aka kashe da na'urorin da aka sayo. Lissafin jiran majinyaci ba ya cikin jawabi.

Doka ta hana kora, ba ta hana jira ba

A takarda, Najeriya ba ta da ƙarancin doka. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta a yi masu magani ko da babu takardar 'yan sanda, asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara aikin.

Dokar 2014 ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke samun aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka ware kashi 5 cikin 100 na asusun domin kulawar gaggawa. A kan wannan ne aka gina shirin NEMSAS da aka ƙaddamar a 2022, wanda manufarsa ita ce ɗaukar majinyaci a motar asibiti da biya masa kuɗin jinyar awa 48 na farko.

Amma Sashe na 20 bai faɗi minti nawa ne iyakar jira ba. Asibitin da ya karɓi mutum ya bar shi awa uku a kan benci, yana jiran a yanki kati ko a taso likita, zai iya cewa bai kori kowa ba. Awa biyun da dokar 2017 ta ambata ma wa'adin sanar da 'yan sanda ne.

Darasi daga Ingila

Ingila ta bi wata hanyar. Tun 2004 aka ɗora wa asibitocinta mizani: cikin awa huɗu da isowar majinyaci sashen gaggawa, ko a kwantar da shi, ko a tura shi wani asibitin, ko a sallame shi. Da fari an nemi a cika wannan ga kashi 98 cikin 100 na majinyata, a 2010 aka sassauta zuwa kashi 95. Duk da arzikin ƙasar, rabon da a cika mizanin a faɗin Ingila tun watan Yulin 2015.

Abin lura shi ne kowa ya san an gaza, domin duk wata ana fitar da alƙaluman kowace hukumar asibiti. 'Yan jarida na ɗauka, 'yan majalisa na tsare minista da su. Da irin waɗannan bayanai ne wani bincike da aka wallafa a 2022 ya gano cewa a cikin kowane majinyata 82 da suka jira awa shida zuwa takwas kafin a kwantar da su, ana samun ƙarin mutuwar mutum ɗaya cikin kwana 30.

Mizani ma yana da nasa haɗarin. Rahoton Robert Francis na 2013 kan asibitin Stafford ya nuna yadda shugabannin asibiti suka duƙufa kan cika alƙaluma da daidaita kasafi, majinyata kuwa suna wulaƙanta a kan gadaje. Saboda haka adadi ɗaya tilo ba ya wadatarwa, kuma wanda ake aunawa bai kamata ya zama shi kaɗai ke riƙe da ma'auni ba.

Agogon Zamfara daga ƙauye yake farawa

Kwafo awa huɗun Ingila kai tsaye ba zai yi wa Zamfara amfani ba. Tun 1994 masu bincike kan mutuwar mata wajen haihuwa suka kasa jinkiri gida uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A ƙasar 'Yandoto, na biyun babbar matsala ce.

Wanda aka harba da daddare a ƙauyen Tsafe yakan jira gari ya waye, saboda hanyar Gusau zuwa Funtua da ƙananan hanyoyin da ke shiga cikinta sun yi ƙaurin suna wajen tare matafiya. Da safe a ɗora shi a babur zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma. Idan raunin ya fi ƙarfinsu, a ba shi takarda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura a Gusau. Kafin ya taka ƙofar sashen gaggawa jininsa ya riga ya tsiyaye. Kiran motar asibiti kuma sai da layin waya, kuma jama'a ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar na tsawon makonni.

Mutumin da ya sha wannan tafiya ba shi da sauran lokacin da zai ɓata a layi. Amma a asibitocin gwamnati da dama a ƙasar nan, a bakin ƙofar ne wani sabon jiran ke farawa: yankan kati, biyan kuɗi, sayen safar hannu da ruwan ƙari, neman ɗan'uwan da zai ba da jini, sannan jiran gado. Ga ƙarancin ma'aikata. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 55,000 ne ke aiki a ƙasar, kuma kimanin 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Jihar da ke fama da matsalar tsaro ita ce ta fi shan wahalar riƙe waɗanda suka rage.

Abin da za a iya aunawa tun gobe

Auna lokaci ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi. Agogon bango ne, da rajista, da ma'aikacin jinya a bakin ƙofa. Tsarin tantance majinyata na Afirka ta Kudu, wanda aka tsara domin asibitoci masu ƙarancin likitoci, ya kasa su da launi: ja a duba shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa ɗaya, kore cikin awa huɗu.

Da wannan, kowane asibiti a Gusau da Tsafe da Bungudu zai iya liƙa abu huɗu a allon sanarwa duk ƙarshen wata: majinyata nawa aka duba cikin wa'adin launinsu, awa nawa ake ɗauka daga neman jini zuwa sa shi, nawa aka tura gaba kuma bayan awa nawa, nawa suka rasu cikin awa 24 na farko. Na ƙarshen shi ne zai tona asirin duk wanda ya yi wa sauran ukun kwaskwarima.

Manufar ita ce gano inda layin ya toshe. Idan likita ɗaya ne ke duba sashen gaggawa dare guda, alƙaluman za su nuna hakan, su zama hujjarsa a gaban masu ɗaukar ma'aikata.

Matasa ma suna da makami a hannu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomin tarayya kwana bakwai su amsa buƙatar da aka rubuta masu, kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau tana cikinsu. Asibitocin jiha kuma suna ƙarƙashin sa idon kwamitin lafiya na Majalisar Dokokin Zamfara, wanda ke da ikon gayyatar Kwamishinan Lafiya ya kawo rajista.

Dokar ta-ɓaci alkawari ce cewa za a yi sauri. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a da hoton sabon asibiti, ya dace a tambaye shi minti nawa talaka ke jira a cikinsa, kuma a ina aka rubuta.