Keke Mai Shoka: Ƙarko Muke Sayar Wa Mutanenmu Ko Ƙyalli?

Duk ɗan kasuwar da yake ɗaukar kekuna daga nan Kumasi zuwa Paga ko Bawku ko Hamile ko Sinkase ya san yadda ciniki ya koma a 'yan shekarun nan. Mai saye ba ya fara duba sarƙa, balle birki ko wili. Abin da zai fara yi shi ne ya kama kan keken ya danna ƙasa da ƙarfinsa. Idan gaban ya lotsa ya dawo, sai ka ga ya washe baki ya ce wannan mai shoka ne, shi kuma mai kaya nan take ya ƙara kuɗi. Haka shoka ta zama alamar keke mai daraja a kasuwanninmu na kan iyaka, har ta kai keken da fok ɗinsa sandararren ƙarfe ne ana yi masa kallon kayan tsofaffi.

Ra'ayinmu a nan, kuma mun san ba zai yi wa wasu abokanmu daɗi ba, shi ne yawancin shokokin da muke sayarwa ba su kai kuɗin da muke ɗora musu ba. Ga mutumin ƙauye mai ɗaukar kaya kuwa, har mai kyau ɗin ma ba ita ce ta dace da shi ba.

Bari mu fara da asalin abin. Keken hawan dutse a jihar Kalifoniya ta Amurka ya samo asali a shekarun 1970, inda wasu samari suka riƙa gangarowa daga kan tsauni da tsofaffin kekuna don nishaɗi. Shekara da shekaru suna yin haka da fok na ƙarfe zalla. Sai a 1989 ne wani mai suna Paul Turner ya kafa kamfanin RockShox, ya ɗauko dabarar shokar babur ya ƙanƙanta ta ya sa wa keke. A 2002 kamfanin SRAM ya saye RockShox, kuma har yau suna cikin manyan masu wannan sana'a tare da Fox da Manitou da SR Suntour. To, mai karatu ya lura da wanda aka yi wa abin tun farko: mutum ne mai gudu a kan duwatsu, ba ya ɗauke da komai sai gorar ruwa, yana hawa a ƙarshen mako, idan ya dawo ya wanke keken ya jingine a ɗaki, kuma akwai shagon gyara a unguwarsu. Babu buhun masara a cikin lissafin waɗanda suka ƙera ta.

A cikin kwantenar kayan hom-yus, wato na hannu, da ake saukewa a tashar Tema, shoka iri uku ce take zuwa mana a cakuɗe, mu kuma muna kiran su duka da suna ɗaya. Akwai ta ƙwarai, mai aiki da iska ko sifirin, da mai a cikinta wanda yake hana ta dawowa da ƙarfi bayan ta lotsa. Akwai matsakaiciya, irin su XCT da XCM na SR Suntour, mai sifirin na ƙarfe. Tana da nauyi amma tana da juriya, kuma ana iya kwance ta a wanke a sa giris. Sannan ga ta uku, wadda ita ce ta cika kasuwa: bututu biyu na siririn ƙarfe da aka shafa wa ƙyalli, da sifirin ɗan ƙarami, wani lokaci ma a ƙafa ɗaya kawai, ɗayar ƙafar fanko ce. Babu mai a ciki, babu abin da yake tare ƙura yadda ya kamata, sai wata robar da aka naɗe mata kamar wuyan zugazugi, da takardar suna mai launi da aka manna. Irin wannan ce take zuwa a kan kekunan manyan kantunan Turai masu araha, da kuma sababbin kekuna masu arha da ake shigowa da su a kwali. Kyan ɗan maciji ke nan.

Sai kuma wani iri da ya kamata a ambata a taƙaice: tsofaffin shokoki na shekarun 1990 da suke aiki da dunƙulen roba maimakon sifirin. Sunan kamfanin na gaske ne, amma robar ta daɗe da narkewa ko ta bushe ta farfashe. Suna ba ya ɗaukar mutum.

Yanzu ga lissafin da muke so kowane ɗan kasuwa ya riƙe a kansa. Kamfanin RockShox da kansa ya ce a kwance ƙafafun shokarsa a wanke a sake mai duk bayan awa 50 na hawa, a kuma yi mata babban gyara duk bayan awa 200. Fox ya ce awa 125 ko sau ɗaya a shekara. Ga Bature mai hawa ranar Asabar kaɗai, awa 50 wata da watanni ne. Manomin da yake hawa awa biyu kullum tsakanin gida da gona kuwa, a kwana 25 ya cinye ta. Ɗan makaranta mai zuwa da dawowa bai fi haka da yawa ba. Wa zai kwance masa ita duk wata? Da wane mai? Robar bakin bututun, wadda take tare ƙura, a wane shago zai same ta a Garu ko Tumu? Mai gyaran keke na gindin bishiya gwani ne wajen ɗaure sifok da sauya boris da miƙe wili, amma ba a taɓa koya masa cikin shoka ba, kuma ko ya iya, kayan gyaran ba su zuwa hannunsa.

Ƙasarmu kuma ba ta raga wa irin wannan na'ura. A arewa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu mai laushi kamar gari takan manne a jikin bututun, duk lotsawa ɗaya ta ja ta ciki, ta haɗu da giris ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin ƙarfen da bushin ɗin a hankali. A nan Asante damina biyu muke yi a shekara; ruwa ya shiga ta sama ya kwanta a ƙasan ƙafar, sifirin ya yi tsatsa. Waccan robar mai kama da zugazugi da muke ganin ado ce, idan ta tsage ita ce take riƙe ruwan ta kuma ɓoye tsatsar daga idon mai saye. Ƙarshenta ɗayan biyu ne. Ko dai shokar ta ƙage, mutum ya koma yana jan ƙarfe mai nauyin kilo biyu da rabi wanda ba ya aikin komai, alhali fok na ƙarfe zalla bai wuce rabin haka ba. Ko kuma ta saki ta riƙa kaɗawa gaba da baya, birkin gaba ya daina kamawa daidai. Wannan na biyun ya wuce maganar asarar kuɗi. Mutumin da yake gangarowa da kaya a kan hanyar da manyan motocin Burkina suke bi, birkinsa ne ransa.

Ga kuma batun kaya, wanda a ganinmu shi ne ya raba gardama. Galan ɗin nan rawaya da muke kira galan Kufuor, mai cin lita 25, idan aka cika huɗu aka ɗaure a kariya kilo 100 ke nan. Buhun albasar Bawku, damin itace, kwandon kaji, duk a baya suke zama, inda shokar gaba ba ta da ta cewa. Idan kuwa aka rataya kaya a kan keken ta gaba, kamar yadda masu tallan burodi da masu kai kaya gefen iyaka suke yi, to shokar ta riga ta lotsa har ƙasa tun kafin a tashi, duk ramin da aka faɗa ƙarfe ne yake dukan ƙarfe. Ba banza ba ne kekunan Phoenix na Sin da Hero na Indiya, da Raleigh na Ingila kafin su, suka yi shekaru suna ɗaukar iyali da amfanin gona a arewa ba tare da shoka ba. Ko ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keken Buffalo don karkarar Afirka, kariyarsa ta yi wa ƙarfin ɗaukar kilo 100, fok ɗin kuwa ta bar shi sandararre. Abin lura, cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar akwai ɗaya daga masu kamfanin SRAM, wato masu RockShox ɗin. Mutanen da suka fi kowa sanin shoka ne suka ga ba ta dace da wannan aiki ba.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta daga masu bugo waya a shirye-shiryenmu na rediyo: ai mai saye ne yake so, idan ban sayar masa ba na kusa da ni zai sayar. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba mu raina wahalar da 'yan kasuwa suka sha ba, musamman tun 2022 da sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekarar, jarin mutane da yawa ya narke. Amma kasuwar kan iyaka ba Kejetia ba ce, inda baƙo zai saya ya shiga mota ba ka ƙara ganinsa. Kasuwa irin ta Bolga duk bayan kwana uku take ci, fuskokin nan ne dai suke dawowa. Wanda ya sayar da akuyarsa ya sayi keke, bayan damina ɗaya gaban ya ƙage, ba zai ce kamfani ya cuce shi ba, don bai san kamfanin ba. Alhaji wane zai ce. Kuma ba shi kaɗai za a yi wa wannan shaida ba, har da sauran 'yan Zongo da suke jere da shi.

Kada a ɗauka muna cewa shoka ba ta da amfani. Tana da shi. Saurayin da yake bin hanyar burji mai gargada ba tare da kaya ba, ko dattijon da wuyan hannunsa yake ciwo, shoka mai kyau za ta sauƙaƙa masa, taya kuma ta fi kama ƙasa. A Akara da nan Kumasi akwai masu hawa don motsa jiki da suka san abin da suke nema, kuma suna biya. A nan ne ma muke tafka asara ta biyu wadda ba a cika maganarta ba. Sau da yawa shokar ƙwarai takan zo a kan tsohon keke mai ƙurajen fenti, mai kaya ya ga ba ta ƙyalli ya haɗa ta cikin na araha ya tura ƙauye, inda za ta mutu don rashin gyara, alhali a birni ita kaɗai tana iya fin sauran keken kuɗi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya san zumar.

Gane ta ba wuya, minti biyu ya isa. A kama birkin gaba a tura keken gaba da baya. Idan an ji ƙas-ƙas a tsakanin bututun sama da ƙafar ƙasa, bushin ya cinye. A ɗaga robar a duba bututun da ido, a kuma bi shi da farce: tsatsa ko rami ko ƙarzuwa alama ce ta ƙare, don za ta yayyaga duk sabuwar robar da aka sa. A danna ta ƙasa a saki. Ta ƙwarai takan dawo a natse, ta banza kuwa sai ta yi tsalle ta buga da ƙara. A duba kaurin bututun. Na manyan kamfanoni yakan kama daga milimita 30 zuwa sama. A duba inda ƙafafun biyu suka haɗu da kuma inda wili yake shiga, ko akwai tsaga. Idan an ga bakin bawul a saman ƙafa ɗaya, mai iska ce, kuma famfonta daban ne, ɗan ƙarami mai agogo. Kada a kai ta wurin mai faci ya sa mata injin iskar mota.

Wadda ta faɗi wannan jarrabawa, maganinta a cire ta a sa fok na ƙarfe kafin keken ya bar Kumasi. Wasu sukan kai ta Suame Magazin a yi mata walda a ƙage ta gaba ɗaya. Ba mu goyi bayan haka ba: ƙafafun masu tsada ba ƙarfe ba ne, gaurayen alminiyam ne ko maganiziyam da waldar yau da kullum ba ta kamawa, na masu araha kuwa siririn ƙarfen wuta takan ƙara raunana shi. Wajen sauyawa a kula da abu huɗu. Bututun da yake shiga wuyan firam ya zo daidai, don akwai mai inci 1, akwai mai inci 1 da ɗigo, akwai kuma sabon yayi mai faɗi daga ƙasa. Girman wili ya dace, ko 26 ne ko 27.5 ko 29. Wurin ɗaura birki ya zama irin na keken, na roba ko na faifai. Tsawon fok ɗin kuma ya yi kusa da na wanda aka cire, in ba haka ba gaban keken zai sunkuya, tuƙi ya yi wuya. Tun da mun taɓo girman wili, mu ƙara da cewa ga mutumin ƙauye 26 ya fi, don tayarsa da tib ɗinsa sun fi samuwa.

Abin da muke roƙon shugabannin masu sayar da keke a Bantama da Aboabo da Asawase da sauran zangonni shi ne su sa a riƙa ware kaya gida uku tun ranar da aka sauke su: na birni, na ɗalibai, da na ɗaukar kaya, kowanne da farashinsa. Masu odar kaya daga waje su haɗo da fok na ƙarfe mai inci 26 da yawa, tare da robobin bakin bututu na matsakaitan shokokin da suka fi yawa a hannun jama'a. A zaɓi yara biyu ko uku daga cikin masu koyon gyara a koya musu kwance shoka da haɗa ta, don a yanzu wannan aiki ne da yake neman mai yinsa.

Manoman arewa da na ƙetaren iyaka da kaka suke sayen keke, bayan sun sayar da amfanin gona, wato daga Nuwamba zuwa Janairu. Kwantena kuwa takan ɗauki makonni a kan teku kafin a zo maganar fito da ita daga Tema. Wanda yake son fok ɗin ƙarfe ya riski wannan kasuwa, tun tsakiyar damina ya kamata ya yi magana da dilansa.