Dillalin Sinadarai da Gyaɗar Matameye

Duk wanda ya taɓa yin kaka a Matameye, ya shaƙi ƙamshin soyayyar gyaɗa da ke tashi daga gidaje tun da sassafe, ya kuma tsaya ya ga yadda mace kan zuba markaɗen gyaɗa a turmi, tana juya shi da taɓarya, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan kaɗan har mai ya tsattsafo ya kwanta a gefe, tunkuza kuma ta dunƙule ta jira a murza ta ƙuli-ƙuli, to, ya san cewa mutanen ƙasar Kance ba baƙi ba ne ga hikimar fitar da abu daga cikin abu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, darajar da wannan gyaɗa ta yi a zamanin kakanninmu, har Turawa suka kafa kantunan awo, daga baya aka gina masana'antun matsar mai a Matameye da Magarya da Maraɗi, asalinta yana komawa ga wani ɗakin bincike a birnin Tuluz na Faransa, inda wani malami ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin mas'ala guda.

Sunan malamin Paul Sabatier. An haife shi a 1854, ya zo jami'ar Tuluz a 1882, bai kuwa bar ta ba har ajalinsa ya riske shi a 1941. Fanninsa shi ne abin da masana ilmin kimiyyar sinadarai suke kira katalis, kalmar da masanin nan na ƙasar Suwidin, Berzelius, ya ƙago a 1835. Idan mai karatu yana son fahimtar ma'anarta, sai ya tuna da dillali a kara ran kasuwa: ga mai sa, ga mai saye, kowa ya ƙi matsowa, sai dillali ya kama hannun wannan ya kama na wancan, ya yi ta kai da komo har a ce an sallama, sa'an nan ya sake su ya nufi wani ciniki, alhali kuwa sa bai zama nasa ba. Haka katalis yake a tsakanin sinadarai. Yana gaggauta haɗuwar abubuwan da, in an bar su, sai su shekara ba su haɗu ba, shi kuma ya fita yadda ya shiga. Har ka'idar da ake jingina wa Sabatier ma ka'idar dillanci ce, domin ta ce katalis na ƙwarai shi ne wanda bai riƙe da sako-sako ba har ciniki ya watse, bai kuma ƙanƙame ba har ya kasa saki.

A 1897, shi da abokin aikinsa Senderens suka gano cewa garin ƙarfen nikel yana sa iskar haidurojin ta shiga jikin waɗansu sinadarai cikin sauƙi. Ba su yi wannan aiki da nufin ciniki ba, neman sanin haƙiƙanin abu ne kawai. Amma ba a jima ba wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya ɗauki wannan asasi ya gwada shi a kan mai, ya ga ruwan mai yana daskarewa ya zama kamar man shanu, ya yi rajistar dabararsa a 1902. Daga nan masana'antun Turai masu yin majarin da sabulu suka buɗe baki suna neman man tsirrai ko ta halin ƙaƙa. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, shekarar da aka ba Sabatier lambar Nobel, sai gyaɗar ƙasar Hausa ta sami hanyar teku, noman kuma ya bazu har ya game Damagaram.

Wannan tarihi yana da fuska ta biyu wadda ya wajaba mu dube ta da idon basira. A cikin 1897 ɗin nan dai kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda sannu a hankali ya karya kasuwar baba a duniya, ya kuma taɓa marinanmu. Gyaɗar ma da ta ɗaukaka, da farin 1973 ya zo, kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, wasu mayuka kuma suka cika kasuwannin Turai, sai injinan Matameye suka yi shiru. Ilmi guda ne ya ɗaga mu, shi ne kuma ya sauke mu, kuma a duka biyun ba a shawarce mu ba, saboda mu masu kawo ɗanyen kaya ne, sirrin sarrafawa yana hannun wasu.

Ra'ayina, wanda nake faɗi da yaƙini, shi ne cewa lokaci ya yi da Nijar za ta ɗauki rayuwar mai bincike a wannan fanni a matsayin maslaha ta al'umma, ta reni 'ya'yanta a kansa, ta kuma ba su abin da zai zaunar da su shekara talatin ko arba'in a kan aiki guda. Muna da jami'a a Damagaram, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou. Muna da matatar SORAZ da aka buɗe a 2011, mai ikon tace ganga 20,000 a yini, tace man fetur kuwa a zamanin nan ba ya yiwuwa sai da katalis. Takin zamanin da manomin rake yake saye da tsada a fadamun Korama shi ma ɗan katalis ne, tun da aka fara haɗa sinadarinsa bisa dillancin baƙin ƙarfe a 1913. Mafi yawan magungunan da ke kantunanmu ta wannan hanya ake haɗa su. Ashe kuwa abin da rayuwa ta rataya a kansa haka, saninsa ya shiga babin farilla ta kifaya, kamar yadda Imamu Gazali ya sanya likitanci da lissafi a cikin littafinsa Ihya'u: in wasu sun tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari laifi ya hau kan kowa. Kalmar kimiyya kanta gado ce daga malaman Musulunci irin su Jabiru ɗan Hayyanu da Razi.

Na san za a ce ƙasar da ke fama da fari da ƙarancin azuzuwa ba ta da halin ciyar da mutum yana wasa da kwalabe. Wannan magana tana da nauyi, ban kuwa raina ta ba. Jawabina shi ne, binciken da nake nufi daga ƙofar gida zai fara. Masana sun tabbatar cewa tokar tsirrai, irin wadda iyayenmu mata suke tacewa su yi sabulu, tana iya dillancin juya man tsirrai ya zama man inji. Sun tabbatar cewa yumɓu, in an gyara shi, katalis ne mai arha. Ga man aduwa, ga na dogon yaro, ga kanwar Manga, ga ɓawon gyaɗa da ake zubarwa, dukansu suna jiran wanda zai auna su da ma'auni na ilmi, ya rubuta, ya koya wa ɗalibai. Abin da irin wannan malami yake bukata shi ne wutar lantarki da ba ta yankewa, da na'urorin awo, da sinadarai masu tsabta, da albashin da zai hana shi neman kujerar ofis ko tafiya ƙetare. Gwamnati ta ware masa rabo daga kuɗin mai, attajiranmu kuma su tuna cewa wakafi bai taƙaita ga gina masallaci ba, ɗakin bincike ma sadaka ce mai gudana.

Akwai wani abu a tarihin Sabatier da ya fi kama zuciyata. A 1907 an yi masa tayin babbar kujera a Faris, ya ƙi, ya zaɓi ya zauna a lardinsa tare da ɗalibansa, daga baya kuma aka raɗa wa jami'ar kimiyya ta Tuluz sunansa. Mu ma mun ga irin wannan himma a wurin Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda ya dawo gida ya duƙufa kan binciken hasken rana har jami'ar Yamai ta gaji sunansa. Saboda haka idan yarinyar da ke taya uwarta murza ƙuli-ƙuli a Matameye ta tambayi dalilin da ya sa ruwan zafi yake fitar da mai, kada a ce mata ta yi shiru ta ci gaba da aiki. A amsa mata gwargwadon sani, a kai ta makaranta, a kuma tanadar mata ɗakin bincike a Damagaram wanda za ta tarar a buɗe ranar da ta kammala karatu.