Wa zai rubuta tarihin niƙa a Tasawa da Mayahi?

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wani gari a bakin kogin Deben a Ingila, daf da teku, sunansa Woodbridge. Tun shekarar 1170 akwai rubutacciyar shaida cewa suna da maniƙa mai aiki da cikowar teku. Sau biyu a rana ruwa yake cikowa, ya tura ƙyaure ya shiga wani tabki da aka haƙa. In ya fara janyewa ƙyauren ya rufe, sai mai niƙa ya saki ruwan a kan babbar ƙafar katako, ita kuma ta juya duwatsu. Cikowar tana jinkiri da wajen minti 50 kowace rana, don haka mutumen ba zakara ke tashinsa ba, wata yake bi, wani lokaci cikin tsakar dare. A 1957 gatarin itacen da ke riƙe da ƙafar ya karye, aiki ya tsaya. Mutanen garin suka gyara wurin, yau baƙi na biyan kuɗi su kalla.

Ba teku nike yi mana kwaɗayi ba. Gulbin Kaba ma sai an haƙa ake ganin ruwa. Abin da ke ci mini rai shi ne su sun ɗauki niƙan gari a matsayin tarihi, mu mun ɗauke shi abin kunya. Ɗalibi ya ce zai yi bincikensa na ƙarshen karatu kan turmi da dutsen niƙa, sai ka ji dariya: "Haba, duk bokon ga a tsakar gida za ya ƙare?" Masu dariyar nan kuwa da hura suka karya.

Mun haddace 14 ga Yuli 1899, ranar da aka kashe Klobb a Dankori. Mun san kabarin Voulet da na Chanoine a Maijirgi. To wa zai tashi a cikinmu ya faɗi shekarar da injin niƙa na farko ya yi kuka a kasuwar Tasawa, da sunan wanda ya kawo shi? Mutanen da suka ƙona garuruwa muna riƙe da ranakunsu. Matan da suka ci da garuruwan kuma ko shafi guda mun ƙi ba su.

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, takarduna kalmomi ne. Kafin zangarniyar hatsi ta zama tuwo sai ta bi sussuka, shiƙa, surfe, bakace, wanki, sannan ɓarza ko niƙa, sannan tankaɗe. Hura tana da ribɗi da kirɓi nata. Ruwan wankin kansa yana da suna, ƙasari. Lugude, mata biyu ko uku a turmi ɗaya taɓarya ba ta bugun taɓarya, lissafi ne da ba a koyarwa a lakwal. Ga waƙoƙin niƙa, inda mace ke faɗa wa kishiya da uwar miji abin da ba ta iya faɗi ido da ido. Inji ya haɗiye rabin kalmomin nan ya mayar da su ɗaya: "kai niƙa".

Kada wani ya ce ina so iyayenmu mata su koma durƙuso kan dutse tun asuba. Allah Ya kiyaye. Inji rahama ne, duk wadda hannunta ya yi kanta ta sani. Amma a lura da wani abu: muddin aikin na hannun matan gida, galibi ba a biyansu ko dala. Ranar da ya koma inji mai shan gazuwal, ya zama sana'a, sai ga namiji tsaye a kansa yana amsar kuɗi kowace tiya. Gazuwal ya hau, kuɗin niƙa ya hau, matar da ba ta da shi ta koma turmi. Wannan ba tarihin tattalin arziki ba ne?

Hutu na tahowa, kuma kowannenmu na da salula mai ɗaukar murya. Ku zauna gaban kaka a Kanembakache ko Urafan, ku ce: "Iya, yaushe kuka fara kai hatsi inji, nawa kuke biya, wace waƙa kuke yi a kan dutse?" Ku rubuta sunan gari da shekara, ku kawo mu buga a fitowa ta gaba.