A San Jimla Kafin A Ce An Saya

 Ya ku malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne wata al'ada da ta yi ƙarfi a gidajen sayar da motoci, watau a faɗi kuɗi ɗaya a baki, sa'an nan ranar biya a fito da wani a takarda.

Bayan kakar bara wani ɗan kasuwa daga cikin iyayen almajiranmu, mai sayen riɗi da hatsi a kasuwar Sara, ya tafi Kano sayen sabuwar mota. Kwana biyu yana tayi ana ce masa albarka, har aka yi masa ragi, ya ce ya saya, aka ce an sallama, ya ajiye kafin alƙalami ya komo gida yana murna. Da ya koma da cikon kuɗi sai aka miƙa masa takarda mai layi bakwai: haraji, kuɗin dako, kuɗin takardu, kuɗin lamba, inshora, rigar kujera, da na'urar bin sawun mota. Da ya haɗa lissafi sai ya ga ƙarin ya cinye ragin ya wuce. Ya nemi fasawa, aka ce in ya fasa abin da ya ajiye ya tafi ke nan. Ya biya, kāna ya zo neman fatawa, alhali lokacinta ya wuce.

To, mu dai ba mu zo da sabon abu ba, wannan mas'ala tana cikin littattafan da ke gafakarmu. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar ya san sharaɗi ne kuɗin kaya ya zama sananne ga mai saye da mai sayarwa tun lokacin ƙulla ciniki. Idan kuwa rabinsa yana baki, rabinsa yana ɓoye cikin durowa, to, garari ya shigo, ba shi da bambanci da sayen kifi a ruwa.

Har wa yau Imamu Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa, a babin murabaha, watau cinikin da mai kaya yake faɗin uwar kuɗi da ribarsa, ya kasa ɗawainiyar kaya kashi uku. Aikin da ake ganinsa a jikin kaya, kamar rini da ɗinki, ana lissafa shi a ci riba a kansa. Kuɗin dako ana sa shi cikin uwar kuɗi, amma ba a cin riba a kansa sai an sanar da mai saye ya yarda. Amma la'adar dillali, da naɗe kaya da ɗaure su, da hayar wurin ajiya, waɗannan ba a lissafa su, domin hidimar kasuwa ce wadda riba take ɗauka. Gaskiya ne yawancin cinikin mota na tayi ne, kuma a cinikin tayi mai kaya yana da iko ya sa kuɗin da ya ga dama, ba a tilasta shi ya faɗi yadda ya saro. Amma da zarar ya fara jera layuka yana cewa wannan na kaza ne, wancan na kaza ne, ya ɗora wa kansa faɗin gaskiya a kan kowane layi, kuma ma'aunin Malik ya isa a auna su da shi.

Kashi na farko shi ne haƙƙin hukuma. Harajin kaya da ake ce wa VAT an fara karɓarsa a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a watan Fabrairu na 2020. Ku duba misali: motar naira miliyan 40, harajinta miliyan 3 ne cif. Wanda ya yi gumi ya sami ragin miliyan ɗaya, bai tambaya ko kuɗin da haraji a ciki ba, zai tarar ana binsa sama da abin da aka fara faɗa masa. Haka kuma inshorar dole, mai biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani, hukumar inshora ta ƙasa ta mai da kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023. Waɗannan da kuɗin lamba da lasisi ba a tayinsu, amma kowanne yana da rasit na hukuma. A nemi rasit, a gwada da abin da aka rubuta. Wanda ya so kuma ya yi wa motarsa rajista da kansa a nan Jigawa.

Kashi na biyu shi ne dako. Mu da muka tashi muka tarar da Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo, mun san a Kaduna aka riƙa haɗa ta, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Motar da aka haɗa a Kaduna da wadda jirgin ruwa ya sauke a Legas ba su zama ɗaya wajen dako ba. Sai a tambaya: daga ina ta taso, kuma dakon bai riga ya shiga cikin kuɗin da aka faɗa ba? Motar da ka tarar a tsaye a gidan dillali, ka zagaya ta ka taya, da wuya a ce dakonta yana waje.

Kashi na uku shi ne ƙirƙirarrun kuɗaɗe: kuɗin takardu, kuɗin wanki da dubawa kafin a ba da makulli, shimfiɗar ƙafa, baƙin gilashi, da babbar inshora wadda doka ba ta tilasta wa mai saye da kuɗin hannunsa ba. Rubuta rasit da goge ƙura su ne naɗewa da ɗaurewa na wannan zamani. Sauran kuwa kayan ganin dama ne, a faɗi kuɗin kowanne daban, mai so ya saya, wanda ba ya so a cire masa. Wanda kuwa ya jingina wa gwamnati kuɗin da aljihunsa za su shiga, ya haɗa ƙarya da algus, ba mu san wani malami da ya halatta wannan ba. Ko dokar ƙasa ta kare masu saye, ta 2018, ta wajabta bayyana farashi, ta hana karɓar abin da ya fi shi.

Saboda haka ga shawararmu ga fatake. Kada ka taya kuɗin mota tsurarta, ka ce da dillali: nawa zan ƙirga maka in fita da ita da lamba da takardu? Wannan jimla ita za ka taya. A rubuta maka ita layi layi, da lambar jikin motar, da ranar da farashin zai daina aiki, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin kayan waje ya sha canzawa. Ka kai takardar gida biyu ko uku ka gwada. Ka tuna kuma a mazhabarmu ciniki yana ƙulluwa da furuci, babu zaɓin fasawa don kawai ba a tashi daga majalisa ba, sai in ka sharɗanta. Halilu ya ba da kamar kwana uku na zaɓi ga dabba, to, me zai hana ka nemi irinsa ga mota? Kafin alƙalamin da ake cinyewa in an fasa kuwa, Malikiyya ba su yarda da shi ba, ko da yake Hambaliyya sun halatta. Kada ka ajiye ko sisi sai an rubuta cewa za a mayar maka in jimla ta canza. Wanda ya yi maka jagora kuma ya faɗi la'adarsa da wanda zai biya ta, kada ya ci gaba ya ci baya. Mai saye ta hanyar murabaha a banki, irin Jaiz da ya buɗe a 2012, shi ma ya nemi a rubuta uwar kuɗi da riba da jimla tun farko.

Ku kuma masu gidajen motoci, ba mu hana ku riba ba, halalinku ce, kuma mun san kuna biyan kwastan da haya da ma'aikata. Ku haɗa duka ku faɗi kuɗi ɗaya, ko da zai yi nauyi a kunne. Wanda kuka yi wa gaskiya zai kawo muku ɗan'uwansa baɗi.

Daga ƙarshe muna roƙon malamai 'yan'uwanmu, idan an zo babin ciniki a zaure, a riƙa kawo misali da mota da babur da injin ban ruwa, kada a tsaya ga raƙumi da tufa, domin ɗan kasuwa ya zo da tambayarsa tun kuɗinsa suna hannunsa. Allah shi sa albarka a kasuwanninmu, shi tsare mu da cin haƙƙin juna, amin.